Ƙanzon Bututu

A kan teburinsa, a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke birnin Abadin na ƙasar Sikotlan, akwai guntun bututun ƙarfe wanda tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Daga wata rijiyar mai ta Tekun Arewa aka yanko shi. Wanda ya leƙa cikinsa zai ga wani abu fari-fari mai ratsin toka ya liƙe a jikin ƙarfen, zobe bisa zobe kamar cikin albasa, har bai bar komai ba sai ƴar kafa a tsakiya wadda babban yatsa ke shiga da ƙyar. Baƙi sukan ɗauka tsatsa ce. Tsatsa kuwa cin ƙarfe take yi, shi wannan abu hawa yake yi a kansa yana ƙara kauri. Mai teburin, da yake Bahaushe ne, ƙanzo yake kiransa a ransa, domin bai sami kalmar da ta fi dacewa da abin da ke kama gindin tukunya ya ƙi fita sai an kankare ba. Ya fi shekara goma yana ajiye da guntun, saboda shi ne ya sa hannu a takardar da ta ce wannan ƙanzo ba zai taru ba.

A Damagaram aka haife shi. Kakansa na wajen uba gishiri da kanwa yake sayarwa a kasuwa, yana saye daga hannun Buzayen da ke saukowa da ayarin raƙuma daga Bilma, su ba da kantu su karɓi gero. Tsohon ya taɓa bin ayari sau ɗaya a ƙuruciyarsa, ya ga ramukan gishiri na Kalala da idonsa, bai kuma gaji da ba da labarinsu ba har ya koma ga Allah. Ruwan zartsi ne ke tsatsowa cikin rami, rana ta yi ta shan sa, sai ɓawon gishiri ya taso a sama, ma'aikata su fasa shi ya nutse, wani ya sake tasowa. Wata rana jikan ya tambaye shi inda gishirin yake ɓoye kafin ya fito.

"Cikin ruwan yake, abokina," in ji tsohon. "Ai ruwa ma ciki gare shi. In ya ƙoshi, sai ya mayar da saura."

Da yaron ya girma ya shiga jami'a a Yamai ya karanta ilimin sinadarai, sai ya tarar da maganar kakansa a cikin darasi, an sa mata alƙaluma. Kowane irin gishiri yana da iyakar abin da ruwa zai iya ɗauka daga gare shi. Lita guda ta ruwa mai tsabta tana narkar da gishirin miya kimanin giram 360 kafin ta ƙoshi. Farar ƙasar nan da ake kira jifsam, giram 2 da ɗoriya kawai take ɗauka. Akwai kuma wani ma'adini mai nauyi, barait, wanda haɗin bariyam da salfet ne; shi abin da lita ke ɗauka bai kai miligiram 3 ba. Tsananin ƙin narkewarsa ne ya sa likitoci ke dama shi su ba majiyyaci ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa, alhali bariyam da ya narke guba ne: yana shiga ya fita, jiki bai sami abin tsotsa ba. Wannan barait shi ne abin da ke cikin guntun bututun nan.

Tallafin karatu ne ya kai shi Sikotlan, aiki kuma ya zaunar da shi a Abadin, garin da akasarin hidimar rijiyoyin mai na ɓangaren Birtaniya a Tekun Arewa ke fita daga cikinsa. A nan ya koyi cewa rijiyar mai rijiyar ruwa ce tun asali. A ƙarƙashin man, cikin ƙofofin dutse, akwai zartsin da ya yi miliyoyin shekaru a kulle, wanda a wasu wuraren gishirinsa ya ninka na teku sau da yawa, yana kuma ɗauke da bariyam. Idan aka yi ta ɗibar mai, matsin da ke turo shi sama yakan ragu, sai a riƙa ɗura ruwan teku ta wata rijiya domin ya kora man zuwa wadda ake ɗiba. Ruwan teku kuwa yana da salfet kimanin miligiram 2,700 a kowace lita. Kowanne daga cikin ruwayen nan biyu garau yake in yana shi kaɗai. Ranar da suka haɗu, bariyam na wannan ya ga salfet na wancan, sai dutse ya fara fitowa daga ruwa. An rubuta labarin wata rijiya a filin Miller da ke wannan teku wadda ta faɗo daga ganga 30,000 a rana zuwa babu cikin awa 24, ba don mai ya ƙare ba, don hanya ta toshe.

Aikinsa shi ne ya faɗa tun kafin abin ya auku. A kawo masa kwalbar ruwan rijiya, ya auna abin da ke ciki, ya zuba alƙaluman a manhaja, manhaja ta ba shi lamba guda da ake kira ma'aunin ƙoshi. In lambar sifili ce, ruwa ya ƙoshi daidai. In ta gaza sifili, da sauran wuri a cikinsa. In ta haura, ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ko ba daɗe ko ba jima zai sauke. Ma'aunin da ninki goma-goma yake hawa: 1 na nufin ruwa ya wuce ƙoshi sau 10, 2 na nufin sau 100. Saboda haka kuskuren 0.3 kacal, wanda ido zai raina, daidai yake da a ninka abu biyu.

A shekararsa ta biyu a aiki aka kawo masa kwalba daga wata rijiya da ruwan teku ya fara ɓullowa a cikinta. Ya auna bariyam ya ga ɗan kaɗan ne ƙwarai. Manhaja ta ba shi lamba kusa da sifili. Ya rubuta cewa babu wata barazana a kusa, ana iya jinkirta ɗura maganin hana ƙanzo, ya sa hannu. Kamfanin da ke da rijiyar ya ji daɗi, domin ɗura maganin yana buƙatar a dakatar da ɗibar mai na ƴan kwanaki. Watanni kaɗan bayan haka aka je gwada bawul ɗin tsaro da ke can cikin rijiyar, wanda aikinsa shi ne ya rufe da kansa in hatsari ya taso a sama, sai ya ƙi rufuwa. Ƙanzo ya riƙe shi. Ba a yi asarar rai ba, gwaji ne kawai ya tona. Amma a Abadin ba a wasa da maganar abin da zai tsare wuta a teku. Garin bai manta da daren 6 ga Yuli 1988 ba, lokacin da dandalin Piper Alpha ya ƙone mutum 167 suka rasu, ko da yake wannan musiba ba ƙanzo ne sanadinta ba. Aka rufe rijiyar, aka zaro bututun, aka yanka.

Shugabar ɗakin gwajin wata dattijuwa ce da ta yi shekaru tana wannan aiki. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ajiye guntun bututun a gabansa, ta ce ya ɗauko takardar awon da ya yi, ta sa yatsa a kan layin kulorayid.

"Samari, wannan me ya gaya maka?"

Kulorayid, abokin haɗin sodiyam a gishirin miya, ba ya barin ruwa a irin wannan rijiya, saboda haka shi ne shaidar da ke nuna kashi nawa na ruwan ya fito daga teku, kashi nawa daga ƙasa. In ya nuna cewa kashi ɗaya cikin biyar ruwan teku ne, to ya kamata a tarar da kashi huɗu cikin biyar na bariyam ɗin asali. Shi kuwa abin da ya tarar bai kai ko kusa ba. Sauran bai ɓace ba, a hanya ya sauka, a bakin dutse da jikin bututu da cikin bawul. Ƙarancin da ya karanta a matsayin lafiya, shi ne alamar ciwon. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

A daren nan ya zauna ya yi lissafin da ya kamata ya yi tun farko. Kowane giram na bariyam yana haifar da giram 1.7 na barait. A ɗauka ruwa yana zubar da miligiram 100 daga kowace lita, rijiya kuma tana fitar da ganga 10,000 ta ruwa a rana, kowace ganga lita 159. Bariyam kilo 159 ke nan, barait kilo 270, kullum. Ƙanzon alli, wato kalsait, ana zuba masa ruwan asid ya narke yana kumfa. Barait bai san asid ba. Sai dai a jiƙa shi da wasu magunguna masu tsada da jinkirin aiki, ko a sa injin niƙa ya bi bututun. Yakan kuma janyo radiyam ya shigar da shi jikinsa, domin radiyam ɗan gidan su bariyam ne, har ƙanzon ya zama sharar da ba a zubarwa ko'ina. Guntun da ke teburinsa ma sai da aka auna shi aka tabbatar ba shi da haɗari kafin a bar masa.

Daga nan ya daina kallon manhaja a matsayin mai duba, ya koma ya karanci abin da ke cikinta. Ya ga cewa wahalar duka daga zartsi take. A ruwa mai tsabta, ƙwayar bariyam da ta salfet suna hango juna daga nesa, cajinsu yana jan su. A zartsi kuwa kowace ƙwaya tana kewaye da cincirindon sodiyam da kulorayid, kamar mutum biyu da ke neman juna ranar cin kasuwa. Shi ya sa barait ke narkewa a ruwan gishiri fiye da yadda yake narkewa a ruwan sha, ninki da yawa. Peter Debye da Erich Hückel ne suka fara sa wa wannan cunkoso lissafi a 1923, amma lissafinsu yana aiki ne a ruwan da gishirinsa bai taka kara ya karya ba. Langelier ya fito da ma'aunin ƙoshi a 1936 domin bututun ruwan sha, Stiff da Davis suka faɗaɗa shi zuwa ruwan rijiyoyin mai a 1952. Sai a 1973 Kenneth Pitzer na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya fara wallafa tsarin da ya iya kai wa ga zartsi mai kauri. Dabararsa ita ce a ba kowace ƙwaya biyu, har da wasu uku-uku, lambar da ke nuna yadda suke yi da juna in sun matsu. Waɗannan lambobi kuwa ba a haƙo su daga tunani. Sai wani ya zauna a ɗakin gwaji ya auna, a wani zafi, a wani matsi, sa'an nan a zana layin da ya bi ta kan awon. Mafi yawan awon da aka tara cikin shekaru an yi shi ne a digiri 25 da matsin iskar da muke shaƙa.

Rijiyoyi kuwa sai ƙara zurfi suke yi. Masu sana'ar suna sa rijiya a ajin masu tsananin zafi da matsi idan ta haura digiri 150 da ninkin matsin iska kimanin sau 690. Filayen Elgin da Franklin, waɗanda suka fara aiki a 2001 a tsakiyar Tekun Arewa, suna kusa da digiri 200 da ninki 1,100. A irin wannan wuri ko ba a ɗura ruwan teku ba, zartsi shi kaɗai yana iya yin ƙanzo, domin tafiyarsa daga ƙasa zuwa sama tafiya ce daga zafi zuwa sanyi, daga matsi zuwa sakewa, kuma kowane ma'adini da halinsa. Kalsait ƙin narkewa yake yi in zafi ya ƙaru, yana kuma fitowa in matsi ya ragu iskar kabon ta tsere daga ruwa, kamar yadda kumfa ke tashi in an buɗe kwalbar lemo. Gishirin miya fitowa yake yi in ruwa ya huce, ko in iskar gas mai zafi ta shanye ruwan ta bar shi, abin da rana ke yi a ramukan Kalala. Barait kuwa matsi yana taimaka masa ya zauna a narke, in an sassauta sai ya sauka. A tsawon bututu guda waɗannan halaye suna ja-in-ja, tambayar kuma ita ce a wane zurfi ne wanne zai yi rinjaye. Masana a jami'ar Rice ta Amurka da jami'ar Heriot-Watt ta Edinbara sun yi shekaru suna cike giɓin awo, amma haɗe-haɗen zartsi sun fi ƙarfin a ƙure su.

Shekaru bayan kuskurensa na farko, dattijuwar ta yi ritaya, shi ya gaji kujerarta. Sai wani kamfani ya kawo masa aikin sabuwar rijiya irin mai zafin nan. Suna son su san zurfin da za su kai ɗan siririn bututun da zai riƙa ɗiga maganin hana ƙanzo, domin in an gama haɗa rijiya aka rufe, sake buɗe ta ya fi ƙarfin wasa. Ya zuba alƙaluma, manhaja ta amsa cikin daƙiƙa guda, da lamba mai gurbi biyu bayan ɗigo, tsaf kamar ta kowace rana. Ya buɗe bayanan da ke ƙarƙashinta ya duba inda awon ya tsaya. Zartsin wannan rijiya kalsiyam ya yi masa yawa, kuma a wannan zafi da wannan matsi, lambobin da ke haɗa kalsiyam da sauran ƙwayoyin an same su ne ta hanyar miƙa layi zuwa inda awo bai kai ba. Manhajar ba ta yi gargaɗi ba. Lambar da ke tsaye a kan gwaji ɗari da wadda ke tsaye a kan iska, da rubutu iri ɗaya take fitar da su.

Ya rubuta rahoto ya raba shi biyu. A kashi na farko ya sa abin da awo ya tabbatar. A na biyu ya sa lambar manhaja, ya rubuta a ƙarƙashinta cewa hasashe ne, kuskurensa yana iya gusar da zurfin da ake nema da nisa mai yawa, ya kuma nemi makonni shida domin ya auna. Jami'in da ke kula da aikin ya kira shi a waya. Ya ce masa hayar na'urar haƙa da kwana ake biyanta, ya ce wasu ɗakunan gwaji da wannan manhajar suke aiki kuma ba su taɓa kawo irin wannan sharaɗi ba, ya ce lamba ɗaya yake so da sa hannu. Mai rahoton ya dubi guntun bututun da ke gabansa, ya ce lambar tana nan a shafi na huɗu, kowa yana iya ɗauka ya yi aiki da ita, amma ba zai cire jimlar da ke ƙarƙashinta ba.

Da ƙyar suka yarda, suka sauya jerin ayyukansu. Ya haɗa zartsi irin na rijiyar gishiri bayan gishiri, ya zuba a tukunyar matsi ta ƙarfen da zartsi mai zafi ba ya ci, ya sa garin barait, ya ɗaga zafi da matsi, ya jira kwanaki har ruwa ya ƙoshi. Wurin ɗiba ne ya fi ba shi wahala, domin da zarar ɗigo ya fito ya huce zai fara zubar da kayansa kamar kwalbar nan ta dā. Sai da ya shirya yadda ruwan zai gauraya da maganin da ke riƙe bariyam tun yana cikin matsi. Ya maimaita har sau uku.

Sakamakon ya fito kusa da abin da manhaja ta faɗa tun ranar farko. Aka kai siririn bututun kusan daidai inda da za a kai shi ba tare da gwajin ba. Jami'in ya aiko da gajeren saƙo na godiya wanda ba a buƙatar malami ya fassara, kuma aikin kamfanin na gaba wani ɗakin gwaji aka kai wa. Masu ɗakin da yake wa aiki sun kira shi sun tambayi dalili. Ya yi musu bayani, suka saurara, ba su ce ya yi daidai ba, ba su ce ya yi kuskure ba.

Ya daɗe yana juya abin a ransa. Da ya sa hannu tun farko, da ya dace, da ba wanda zai taɓa sanin cewa dacewa ce, har shi kansa, kuma da a rijiya ta gaba ya sake miƙa layin ya ƙara nisa da ƙarfin gwiwar da bai biya kuɗinta ba. Wannan ne ya fi tsorata shi. Abin da makonni shida suka saya ɗan kaɗan ne: awo uku a wurin da a dā babu ko ɗaya. Ya shigar da su cikin bayanan manhajar, ya rubuta kwanan wata da yanayin gwajin a gefe. Tun daga lokacin, duk matashin da aka kawo masa koyon aiki, abu biyu yake fara sa shi: ya duba kulorayid kafin ya gaskata bariyam, ya kuma buɗe bayanan manhaja ya ja layi da jan alƙalami a inda awo ya ƙare.

Ruwan famfon Abadin ba shi da alli sosai, butar shayinsa ta can takan yi shekaru cikinta fes. Da ya je gida hutu ya tarar da mahaifiyarsa a tsakar gida ta matse lemon tsami cikin tsohuwar butar shayin mahaifinsa, ta ajiye a rana, farin ɓawon da ya kama gindinta yana ta ƴan ƙananan kumfa. Ya tsuguna yana kallo.

"Inna, irin aikin da nake yi ke nan a can," ya ce. "Sai dai namu akwai wanda tsami ba ya ci."

Ta ɗauraye butar ta kife a kan turmi. "To da me kuke fitar da shi?"

"Ƙoƙari muke yi kada ya kama tun farko."

"Ku kuna gani ne, a can ƙarƙashin ruwa?"

"Ba ma gani, Inna. Lissafi muke yi. Inda lissafin bai kai ba, sai mu faɗa."

Ta miƙa masa butar ta ce ya ɗora ruwa, baƙi suna zaure.